Furen Jikin Mafici

Daren Laraba, watan Safar, Malumfashi

Yau Ɗanbaba falke ya kawo mini wani maficin takarda, wai daga wani tsibiri can bayan ƙasar Sin ya fito. So yake in zana masa irin adonsa a fatar matashin kai. Reshe ɗaya ne tal, ba saiwa, sauran duk fili, ga fure guda yana faɗowa. Ya ce a wurin mutanen tsibirin nufinsa duniya ba matabbata ba ce.

Matata Hassi ta leƙo, hannunta a kan cikinta, ta ce, "Maigida, ko a gonar wake furen da ya kaɗe ba ya 'ya'ya. Fitar mini da abin nan."

Dariya na yi mata. Ban fitar ba.

Yanzu ga ta can tana nishi, mara ta riƙe, watan haihuwarta kuwa da saura.