Rasuwar Sarkin Hanci, Alhaji Mutawakilu Abdul-Manan, da Wasiyyar da Ya Bar Mana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar 'Yan Hatsi ta Salaga, Yendi da Bawku, ƙarƙashin jagorancin shugabanta, Mai Girma Alhaji Abdul-Kadiri Nashiru, ta samu labarin rasuwar dattijonta kuma alƙalin kasuwanninta, Alhaji Mutawakilu Abdul-Manan, wanda kowa ya fi sani da Sarkin Hanci. Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi a wani asibiti a Tamale, yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar ƙirji ta shekara biyu da rabi, an kuma yi masa sutura a mahaifarsa Salaga bayan la'asar. Ya bar mai ɗakinsa Hajiya Adiza, da 'ya'ya shida, da ƙaninsa Malam Jibirilu Abdul-Manan na kasuwar Bawku, wanda ƙungiya ke roƙon ya daure ya karanta wannan takarda har ƙarshenta, domin rabinta saboda shi aka rubuta.

Marigayin jikan fataken goro ne, mutanen da suke gane lafiyar huhun goro tun kafin a kwance ganyensa. Ya yi karatun allo da na littattafai a Yendi, ya kai inda ake sa ran zai zauna a zaure ya karantar, sai kasuwa ta ja shi, malamai suka yi rashi, mu muka samu. Shekara talatin da ɗaya, duk sa'ad da gardama ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa a kan ko masara ta bushe, shi ake kira. Sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga tsakiya, ya tusa hancinsa ciki, ya ja numfashi sau uku. Abin da ya faɗa bayan nan shi ne hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Mutanen Yendi ba za su manta da wani direba da ya kawo buhu arba'in daga Karaga yana rantsuwa da kabarin kakansa ba, Alhaji ya sansana ya ce masa, "Ɗan'uwa, masararka ta sha ruwa sau biyu, ɗaya a gona, ɗaya a bayan motarka. Ka bar kakanka ya huta." Allah kaɗai Ya san yawan gidajen da wannan hanci ya kare daga tuwon ruɓaɓɓen hatsi.

Ya zama dole ƙungiya ta faɗi nata laifin. Shekara tara da suka wuce wasu masu aikin gona suka ba mu na'urar auna danshin hatsi guda uku, ɗaya ga kowace kasuwa. Marigayin ya juya ta Salaga a hannunsa, ya tambaya ko ina hancinta yake, muka fashe da dariya, muka tafa masa. Ta Yendi ta ɓata, ta Bawku tana cikin akwatinta ko ledar ba a cire ba, ta Salaga kuwa ita ke tare ƙofar ofishinmu kada iska ta rufe ta, aikin da ta riƙe da amana. Mun san sarai cewa Alhaji ya yi tarin tibi yana saurayi, ya warke. Ba mu san cewa ciwon yakan bar ramuka a huhu ba, ba mu kuma tambaya ba.

Da tari ya kama shi, ya ce mura ce, ya yi shekara guda yana cewa mura ce. Mu kuma, da yake kowane ɗan kasuwa likita ne idan ciwon a jikin wani yake, muka yi ta kai masa zuma da citta da tafarnuwa. Da ya fara kakin jini, aka ɗauka tibi ne ya dawo, ya sha maganinsa wata shida cur bai tsallake rana ba, yana ta ramewa. Sai a Tamale aka gano cewa fumfuna ce, irin wadda ke tsira a hatsi mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, ta shiga tsofaffin ramukan huhunsa ta yi gida. Muka yi hamdala, a zatonmu ciwon da aka san sunansa ya kusa ƙarewa. Aka ba shi maganin fumfuna wata bakwai, bai ci ta ba. Aka sauya masa wani ɗan gidan na farko, shi ma haka. Da aka aika da kakinsa ɗakin gwaji, amsa ta dawo cewa wannan fumfunar ba ta jin magungunan nan. Likitar da ta duba shi ta bayyana wa iyali cewa wasu magungunan feshi da ake yi wa amfanin gona 'yan'uwan na asibiti ne, fumfunar da ta saba da su a gona takan iso ƙirjin mutum ta riga ta yi saukar karatun ƙin jin magani. Ta kuma yi mana adalcin cewa ba za ta iya rantsuwa a kan wane buhu ko wane sito ba ne, ko ma a cikin ƙirjin nasa ta koyi taurin kan. Maganin da ya rage na ƙarin ruwa ne mai wahalar da ƙoda, jikin Alhaji kuwa ya riga ya gaji.

Kwana huɗu kafin cikawarsa ya sa aka kira masa shugaban ƙungiya zuwa asibitin, ya yi wasiyya a gaban Hajiya Adiza. Ya ce a binne sarautar hanci tare da shi, a ɗauko na'urar nan daga bakin ƙofa a ba ta haƙuri. Sa'an nan ya ce, "Kada ku ba Jibirilu kujerata. Ku sa shi a mota ku kawo shi nan." Ƙungiya ta karɓi wasiyyar. Daga yau babu sauran sansana buhu a kasuwanninmu uku, masu sharar sito za su riƙa ɗaura takunkumi, kuma duk wanda ya taɓa yin tibi, tari ya ƙi barinsa, ya roƙi likita a duba masa fumfuna.

A madadin shugaba, da dattawa, da magajiyoyin kasuwanni, da dukan membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Adiza, wadda ta yi jinyar nan ba ta taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yan marigayin, da Limamin Zangon Salaga, da al'ummar garuruwan uku. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kaffara, Ya shaƙar da shi ƙamshin Aljanna, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan rashi.

Sai kai, Malam Jibirilu. Bisa al'ada kai ne magaji, hancinka bai gaza na yayanka ba, mun kuma ji cewa wasu a Bawku sun fara kiranka da sarautar tun ba a share makoki ba. Amma kai ma ka yi tibi a gida ɗaya da shi, duk wanda ya tsaya kusa da kai a sahun jana'iza ya ji tarinka, kuma wata biyar ke nan kana cewa mura ce. Mun taɓa jin wannan magana daga bakin wanda ya fi ka iya faɗinta. Za a yi addu'ar bakwai ranar Litinin da safe a gidan marigayin, da an shafa fatiha motar shugaba za ta kama hanyar Tamale, an kuma bar maka kujerar gaba. Mun ɗauki makara ɗaya daga gidan nan, Malam, kafaɗunmu ba za su iya ta biyu ba.

Sa hannu:
Fadlullah Zibrim
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar 'Yan Hatsi ta Salaga, Yendi da Bawku