Baƙin Wandon Birkett

Gonar Birkett, Harthwaite
3 ga Agusta, 1987

Hazel tamu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Stuart da 'yan biyu. Yaya ciwon bayan nan? In har yanzu ke ce ke ɗaga buhun dankali alhali ƙaton mijinki na zaune yana duba sakamakon ƙwallo, to kada ki ƙara kawo min kuka.

Maigidana, Tsoho Birkett, ya ce ni zan shiga da Damson nunin dawakin garinmu ranar sha biyar ga wata, a ajin godiyoyin da ake ja da hannu ba a hawa. Shekara huɗu ina kwashe kashi a bargarsa ina jiran wannan magana. Kin san Damson, baƙar nan wuluk mai geza har gwiwa. Irin dawakinmu na tsauni ba a yi musu kitso, ba a taɓa su da almakashi, yadda Allah ya yi su haka alƙali ke son ganinsu. Wanki ne da taza kawai, sai a shafa wa kofato mai. Wannan na iya shi ko ido rufe.

Shigata ce matsalar. Na tanadi kwat ɗin ulun Baba, hularsa, farar riga, ƙyallen wuya, safar hannu ruwan ƙasa da 'yar sanda. Wando kuwa na sayi mai ruwan madara, don duk littafin da na aro a motar laburare abu ɗaya yake faɗa, kuma duk wanda ya taɓa jingina da shingen filin nuni ya sani: doki mai baƙar ƙafa, farin wando ake sa masa, don alƙali ya bambance ƙafarka da tasa. Jiya sai ga tsohon ya jefo min baƙin wando a kan buhun hatsi, wai shi zan sa. Na tuna masa ƙa'ida. Ya ce, "To, shehin malami, wanda ya koyi karatu a jikin buhun dusa ne zai koya min dawaki?" Na ce aƙalla buhun dusa ba ya canza magana. Bai yi dariya ba.

Mutumin da ya shekara arba'in a filin nuni, wanda ya taɓa mayar da ɗan cikinsa gida saboda hula, ba mantuwa ya yi ba. Ni dai ina zargin so yake in zama abin dariya a gaban jama'a, ya samu hujjar cewa ban iya ba. Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Kieran

11 ga Agusta

Hazel tamu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki, na kuma ga inda kika ce bakina ne zai kashe ni, in sa wandon in yi shiru. Na gode, uwar masu haƙuri. Yanzu saurara.

Ba ni ake so a kunyata ba. Abin ya fi haka muni.

Ranar Lahadi muka yi gwaji a makiyayar baya. Tsohon ya ce in gajarta ragamar, in riƙe dab da haɓar Damson, in yi gudu kafaɗa da kafaɗa da ita, kada in bar tazara. Wannan ma saɓanin abin da ya saba faɗa ne, shi da kullum yake min tsawa in sakar mata kai ta yi tafiyarta. Da ya shiga shan shayi sai na sake mata igiya, na sa ta sassarfa a kan simintin tsakar gida. Hazel, duk sanda ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa, kanta sai ya ɗan yi sama. Kaɗan ne, wanda bai san ta ba ba zai gani ba. Kuma hagu ne gefen da mai ja yake tsayawa. Baƙar ƙafa, baƙin wando, kai a ɗaure: ƙafafu shida sun cakuɗe, ɗingishi ya ɓace.

Da yamma kuma wata mata daga kudu ta iso da mota mai sheƙi, Misis Pargeter, tana ta shafa hancin Damson tana kiranta 'yar lele. So take ta saye ta, ta riƙa hawa tsauni da ita. Da kunnena na ji tsohon yana ce mata ta bari sai bayan nuni, ta ga abin da alƙali zai ce, ai jar lambar yabo ta ɗaya ba ta ƙarya. Har da dafa ƙirji. Daga bargar ma bai bari an fito da godiyar ba, wai an wanke ta.

In aka ɗora wa ƙafar nan mace da sirdi aka hau duwatsu, kafin hunturu ta gama lalacewa. Na tambaye shi a fakaice ko ya lura da tafiyarta. Ya ce tafiyarta lafiya lau, in kuwa idona ya fi ƙarfin aikina, akwai masu son ɗakin da nake kwana a saman barga.

Kin san ba ni da wani ɗakin. Wanduna biyu na rataye a ƙusa ɗaya, kullum da safe sai na tsaya ina kallonsu kamar wawa. Kada ki gaya wa Stuart, bakinsa ya fi nawa yoyo.

Naki,
Kieran

17 ga Agusta

Hazel tamu,

Ina gaishe ki, ina fatan 'yan biyu sun warke daga murar. Ni lafiyata ƙalau, in ban da rai.

Na fito gida da baƙin wando, na canza zuwa mai ruwan madarar a bayan motar dawaki ana saura kaɗan a kira ajinmu. Sai da na shiga fili tsohon ya gan ni. Yana bakin shinge da gurasar nama a hannu, ya kai ta baki ya fasa.

Mu tara ne, kuma wallahi babu wadda ta kama ƙafar Damson a kyau. Gashinta na ɗaukar ido, gezar na zuba. Alƙaliyar, wata tsohuwa mai hular kaba da ake kira Mis Nattrass, ta zagaya ta sau biyu tana murmushi. Da aka zo sassarfa na ba da tazara, na saki igiya. Na je na dawo. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta matso, yadda ba mai ji sai ni, ta ce, "Ka kyauta shiri, saurayi. Kai ta gida, ba ta jin daɗin ƙafarta." Haka na ja ta muka fita a gaban kowa. Misis Pargeter ko sallama ba ta yi wa tsohon ba.

Likitan dabbobin nunin ya duba, ya ce tafin kofaton ne ya ƙuje daga ciki, irin na gudu a kan tsakuwa, kuma ya kwana biyu. In ta huta wata biyu za ta warke.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Tun watan Yuli, kafin a ce ni zan shiga da ita, nake fitar da ita da safe kafin shayi, ina gudu da ita a tsohuwar hanyar wurin fasa dutse mai tsakuwa, don in gwanance tsohon ya zaɓe ni. Ban tambayi kowa ba.

A hanyar gida ina jiran ya kore ni, har na shirya baƙaƙen maganganun da zan bar masa. Sai da muka wuce gada ya buɗe baki, idonsa na kan titi. Ya ce yana ganina ta tagar kicin duk safiyar nan. "Da baƙin wandon ka sa, da ba wanda zai tambayi wa ya gurgunta ta."

Ban yarda don ni ya yi ba, Hazel. Cinikinsa yake karewa, ni dai ya haɗa ni a ciki ne don ya samu abin rufe min baki. Amma na juya maganar ta kowace fuska, ban samu inda ya yi ƙarya ba.

Bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Jiya da safe dai na tarar ya ajiye bokiti da gishirin jiƙa kofato a ƙofar ɗakina. Sau biyu a rana, wata biyu. Ki ce wa Stuart kada ya share min ɗakin bayan gidanku tukuna. Ni na ɓata ƙafar nan, ba inda za ni sai na ga ta taka ta daidai.

Ƙaninki,
Kieran