Fanilar Auduga da Na Aiko Maka

Assalamu alaikum, ƙanena Bashir. Gaisuwa daga Madina, tare da fatan kana lafiya a ƙasar sanyin da aiki ya kai ka.

Na kira ka sau huɗu, wayarka a kashe. Ka ce za ku yi kwanaki kuna tuƙa ƙananan kwalekwale a tafki, shi ya sa na rubuta a nan shafina, inda na san kana leƙawa.

Na daɗe ina kallon hoton rigar da ka zaɓa, mai rufe jiki daga wuya zuwa ƙafa, da roba a wuyan hannu don kada ruwa ya shiga. Sai na tambayi kaina, me zai sa a ciki? Na je unguwar Anbariyya na sayo maka fanila shida na auduga, masu kauri, irin waɗanda Baba yake sawa a ƙarƙashin riga, na aika maka. Har na rubuta a littafina cewa na yi dabara.

Jiya na zauna na karanta bayani a kan irin rigar taka. Ashe rigar da ta hana ruwa shiga tana iya hana gumi fita. Auduga kuwa sai ta shanye gumin ta riƙe, ka daina tuƙi, ta yi sanyi a jikinka. Wai ulu ake so, ko yadin da ke saurin bushewa, kuma mutum ya rage sauri kafin ya jiƙe. Sau uku na maimaita, ko ni ce ban gane ba.

A nan gumi rahama ne. Ka tuna Yanbu, muna yara, ka fito daga teku iska ta busar da kai kafin mu kai mota? Umma tana cewa, "Yalla, ku bar shi, rana za ta yi aikinta."

Ina rufe ido in gan ka a kan ruwan da ban taɓa gani ba, shiru, hazo yana tashi, kai kaɗai kamar tsuntsu. Sai in hango farar fanilar a ƙirjinka.

Na san halinka, Bashir. Ko ta dame ka za ka sa ta, saboda Yaya ce ta aiko. Don Allah ka cire. Wannan karon kada ka girmama ni.

Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya fito da kai a bushe.

Yayarka,
Rukayya