Hoton Ƙafata ta Hagu

Talata, 1 ga Oktoba 1968
Na tashi da sauƙi. Ƙirji lafiya, ido lafiya. Ƙafar hagu dai sanyi kamar tulu, babban yatsa ya ƙara duhu. Daga gida zuwa masallaci na tsaya sau uku. Bara sau ɗaya nake tsayawa.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Na ciro hoton radiyo, mai nuna cikin ƙafa, da aka yi mini a asibitin Yamai watan jiya, na ɗaga shi a rana. Har yanzu ina tuna allurar da suka soka mini a matsematsi, da ruwan da suka tura don jijiya ta fito a hoto. Zafi ya bi ƙafar kamar an zuba tafasasshen kunu.

Ga jijiyar nan fara tana saukowa, sai sama da gwiwa ta tsinke, ƴan ƙananan rassa suka watsu. Labo maƙwabcina, masunci, ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, «Komi, ai yashi ne ya tare kogi. Ga ruwan nan yana neman hanya ta gefe.» Shekara talatin na yi ina komi, wato akawu, a biro, ofishin Nasara, amma ban gane bayanin likita ba sai da mutumin da bai san baƙi ba ya faɗa.

Likita ya ce in koma ranar 23. Zai tura siririyar roba ta cikin jijiyar ya buɗe wurin, ba yanka. Sabuwar dabara ce da ya koyo a Turai, kuma ƙarshen wata zai bar ƙasar. In na rasa wannan, sai a yanke daga gwiwa. Sharaɗinsa ɗaya: in zo da ɗan uwa wanda zai zauna a kaina yini da kwana, ya hana ni tashi. Laifina ne. Wancan karo na miƙe alwalar La'asar, wurin allurar ya ɓalle, jini har ƙasa.

Litinin, 7 ga Oktoba
Wa nake da shi? Matata Aisata ta rasu shekara shida ke nan. Sai yaron, ɗana. Yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Paraku da Yamai, duk Juma'a yana ƙetare gadar kogin garinmu.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Kakarsa ta yaye shi a Bengu, can ya girma. Haka aka yi mini, haka na yi. Yanzu kuma in buɗe baki in ce ya zo ya riƙe mini gwangwanin fitsari?

Na rubuta takarda da Faransanci. Sau uku ina yagewa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Labo ya kai takardar wurin duwan, ƴan kwastan na bakin gada, inda motoci ke tsayawa, ya ba yaron hannu da hannu. Ya ce yaron ya yi ƙiba. Yaron ya tambaya ko ina lafiya, Labo ya ce lafiya lau, don ni na hana shi faɗi.

Da ya dawo ya ce, «Komi, me ka sa a ciki?»
Na ce na gaishe shi, na ce in ya sami sarari ya biyo kafin 22 ga wata, akwai ƴar magana.
«Ƙafar fa?»
Na ce mai hankali zai gane.
«Wallahi ni da nake ganin ƙafar kullum, da ka aiko mini wannan, sai in ce akuya za ka sayar.»
Na kore shi. Bai tafi ba sai da ya shanye mini shayi.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ban je masallaci ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na sa farar riga, na fitar da kujera ƙofar gida tun hantsi. Motoci tara na ƙirga sun haura daga gada. Ta shida koriya ce, irin tasa. Ta rage gudu a mararraba, ko ni na ga haka. Ta wuce.

Zuwera matar Labo ta kawo tuwo da miyar kifi. Ta dubi rigar, ta ajiye kwanon ta tafi. Allah ya yi mata albarka.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Yatsa na biyu ya fara duhu. Labo ya zo yana gyaran taru a inuwata, kamar gidansa ba inuwa. Ya ce kifi ya yi wuya kwanan nan, ko ya bar jirgi kwana huɗu ba abin da zai rasa. Ƙarya yake yi, jiya na ga kwandonsa. Na ce likita ɗan uwa ya ce.
«Ya ce zai duba kamannin hanci? Mutum mai nauyin hannu yake so. Ni na danne giwan ruwa da ya fi ka ƙarfi.»


Talata, 22 ga Oktoba
Ƙafa jiya-i-yau. Motar disfanser, ƙaramin asibitin garinmu, za ta tashi zuwa Yamai bayan Azahar. Labo, da zai raka ni, yana waje da tabarmarsa da buta, yana ta tambaya ko a Yamai ana samun goro mai kyau.

Na kira Zuwera. Na ce ranar Juma'a ta je gada ta faɗa da baki, ba takarda: ubanka yana asibitin Yamai, ana jin tsoron ƙafarsa, yana son ganinka. Ta ce, «Baba, direbobi da yawa suke, wa zan nema?» Ta sani sarai. Tsayawa ta yi tana jira.

Na ce Cha'ibu.

Na faɗi sunan, bakina kuma bai faɗo ƙasa ba. Na sa hoton a cikin jaka, na ce a bar kujerar a ƙofa. Har ladan ya kira Azahar, yaron bai zo ba.