Kunun da Ake Kaiwa Gona

Ibadan, 9 ga Agusta, 1994

Ja'afaru,

Kada ka kuskura ka ce wasiƙar nan ba ta same ka ba. Bayan gaisuwa, yaya Jamilatu da yara, da mutanen Ƙofar Jatau?

Ni lafiya lau, bencin asibiti ma na saba da shi. Ƙanenka Lado yana cin abinci, sai dai har yanzu yana jin muryoyi. Jiya ya tambaye ni ko ni wace ce. Likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarsa, ya ce ba aljanu ba ne, ƙwaya ce ta taɓa ta. Ƙwayar nan da kake jefa wa 'yan ƙwadago a kunu don su yi noma ba gajiya, a gonarka Lado ya koye ta.

Su ma iyaye ne suka haife su. Allah ya shirye ka. Daga yau, duk kunun da za a kai gona, sai 'ya'yanka sun fara sha.

Mahaifiyarka