Firizar da Muka Biya Ba Ita Ce Ta Zo Argungu Ba

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan lantarki da muka yi ciniki da shi a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Hauwa'u, ɗalibar aji biyar ce a sakandare a Argungu. Ni ce yarinyar da ta zo shagonka tare da kawunta kafin azumin bana, wadda ka ce ta cika kunya. Gaskiya ka faɗa. Na koma shagon don in yi maka wannan magana baki da baki, na kasa ɗaga ido. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa, kuma na sa ta inda jama'a za su gani, domin ta ɓoye ba ta yi amfani ba.

Na farko, abin da muka saya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kifi take saye a hannun masunta a bakin gulbi tana sayarwa. Da shi take ciyar da mu. Matsalarta kullum ita ce ɗanyen kifi ba ya jira: in bai ƙare da rana ba, sai ta karyar da shi ko ta yi banda. Ta daɗe tana zubin adashi don ta sayi firiza mai aiki da sola, tunda a unguwarmu wutar gari takan tafi a manta kamanninta. Har faifan sola da batir ta riga ta sa an ɗora. Ta aike ni tare da Kawu Bala don ni ce mai karatu a gidan. A shagonka na nuna wadda nake so da hannuna, mai hoton rana a murfi, mai waya ja da baƙa a baya. Na tambaya ko tana aiki ba wutar gari. Ka ce da batir kaɗai za ta daskarar da giwan ruwa. Kuɗinta muka biya, ba na wata ba.

Na biyu, yadda aka ba mu kayan. Ka ce ta cikin shago ta nuni ce, za a ɗauko mana sabuwa daga sito. Ka sa aka kawo mana ruwan sanyi, ka kira ni ɗiyarka. Ka ce kakarka 'yar Argungu ce, kai ma Bakabe ne irinmu, kana zolayar Kawu cewa ciniki bai faɗa ba sai an aiko maka da kifi. Kafin mu fito, an riga an ɗaure kwali a bayan akori-kura an rufe shi da tamfol. Na matsa kusa da Kawu na ce a buɗe mu gani. Ya harare ni ya ce, "Ke, ba a binciken dattijo gaba nai." Na ja da baya. Haka aka rene mu. Mutumin da ya kira ka ɗansa, ya shayar da kai, ba ka kwance masa igiya a bainar jama'a kamar ka kama ɓarawo.

Da direbanka ya sauke kayan, Inna ta zaɓi manyan tarwaɗa daga bandar da ta yi, ta naɗe ta ba shi ya kawo maka.

Washegari ina makaranta maƙwabta suka shigo ganin kaya da sa albarka. Suka ɓare leda, yara suka yi waje da kwali. An yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, akwai wutar gari a ranar. Aka jona, ta yi sanyi, mata suka yi guɗa. Inna ta tafi bakin gulbi ta sayi kifin da ba ta taɓa sayen irin yawansa ba, ta cika ta. Da na dawo na ga babu hoton rana a murfi, na faɗa mata. Ta ce in bar wannan zance, mutum kamar Alhaji ba zai cuci mai tallan kifi ba.

Sai wuta ta tafi. Muka kira Oga Istifanus na Gwadangaji, wanda ya ɗora mana sola, ya zo ya haɗa ta da batir. Ya jawo ta daga jikin bango, ya leƙa bayanta, ya ce babu inda zai jona. Wannan ta wutar gari ce zalla. Kafin ya iso, ƙasan firizar ya riga ya zama ruwa. Muka hura wuta muka yi bandar abin da ya yi saura. Sauran kuwa ni da ƙanwata muka haƙa rami a bayan gida muka binne, don wari ya hana maƙwabta zama a tsakar gidajensu. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi tana kallon firizar har aka kira magariba.

Na uku, amsar da muka samu. Da ni da Kawu muka koma shagon, yaron shagonka Sanusi ya ce mana mai sola ta ƙare a sito tun kafin mu zo, kai ka ce a ɗora wannan tunda girmansu ɗaya. Da ka fito, ba ka musa ba. Ka ce wannan ma mai kyau ce, mu ƙara kuɗi mu sayi inbata a wurinka, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gari. Ka ce an ɓare leda, babu kwali, kuma tana ƙarnin kifi, don haka ba ta mayaruwa. Ka kuma ce da mun duba tun a shago.

Alhaji, wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini ciwo. Girmanka ne ya hana mu dubawa. Ladabin da muka yi maka shi ka mayar hujja a kanmu. Leda kuwa, ta yaya mutum zai san abin da ke ciki in bai ɓare ba?

A makaranta an koya mana cewa mai saye yana da haƙƙin a ba shi abin da ya zaɓa. In babu, a gaya masa kafin a karɓi kuɗinsa, ya zaɓa da kansa: ya jira, ya karɓi wani, ko ya fasa. A Islamiyya ma an koya mana cewa ciniki sai da yardar mai saye da mai sayarwa. Ba a tambaye mu ba. An zaɓa mana, aka rufe da tamfol.

Yanzu Inna ta koma karyar da kifi da yamma kamar da, ga jari ya ragu. Firizar tana nan a ɗaki, mun rufe ta da zane. Faifan sola yana kan rufi yana cajin waya.

Ga roƙona. Ka aiko a ɗauki wannan firiza, a kawo wadda muka biya, kuma kuɗin mota ya zama naka. In har yanzu babu ita, ka mayar wa Inna kuɗinta cif, ta nema a wani wuri. Ka kuma sa ya zama ƙa'ida a shagonka a buɗe kowane kwali a gaban mai shi, kai da kanka ka ce a buɗe, domin masu jin nauyinka irina suna da yawa. Malamarmu ta ce akwai hukumar da ke sauraron koken masu saye, ta kuma ce za ta raka ni. Ba na so a kai can, amma in babu amsa zan je.

Kifin da Inna ta aiko maka ba ya cikin abin da muke nema. Kyauta ce, ta ba ka da zuciya ɗaya. Har yau ban iya gaya mata abin da Sanusi ya faɗa ba, Kawu ma ya kasa. Duk wanda ya shigo jaje, sai ta ce kuskuren yara ne, Alhaji bai sani ba, da ya ji zai gyara. To, yanzu ka ji.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsarkake kasuwarka, Ya ba ka ikon cika zaton da Inna take yi maka.

Wassalam.

'Yarka,
Hauwa'u, Argungu.