Akwatin da Na Auna wa Kaina

Gwaram, 9 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Queen,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya nauyin ciki? Ina fata mijinki Dabo yana lafiya. Ni ina nan. Ina cin abin da matan zumunta na coci suka kawo, ina shan maganina.

Ki daina kuka don ba ki zo ba. Daga Jos zuwa nan ba tafiyar mai tsohon ciki ba ce. Kin ce in rubuto miki yadda aka yi, tunda a waya ba na cewa komai. To ga shi.

Kin san a garin nan ba a sayar da akwatin gawa. Maƙwabtanmu likkafani ya ishe su, mu kuwa in an yi rasuwa sai a tura mota Bauci, gawa tana jira. Tun da likita ya ce zuciyata ta kumbura na ƙudura ba zan bar wa mahaifiyarki wannan wahala ba. Ni na girme ta nesa, ni ne mai ciwo. Na kira Yahuza kafinta ya auna ni a tsaye. Ya yi ta salati, amma ya yi aikin. Muka ajiye akwatin a sito, bayan buhunan masara. Na koya mata tada janareta da canja tukunyar gas. Ita dariya take yi mini, har kuɓewa take shanyawa a kan murfin.

Ranar Talata tana tankaɗe ta ce kanta yana sara. Kafin mu kai asibiti a Birnin Kudu ta daina magana. A can ta cika. Ba a tura mota ko'ina ba. Akwatin ya yi mata tsawo, sai matan zumunta suka cike wajen ƙafafunta da zannuwanta don kada ta motsa a hanya.

Fasto ya karanta wurin nan da Allah yake tambayar mutumin da ya rasa komai, ina yake sa'ad da aka auna duniya. Na sha koyar da wurin a coci da alli a hannu, kamar yadda na koyar da lissafi har na yi ritaya. Ban ji haushi ba, ban ji sanyi ba. Tambaya ce, ba amsa ba.

Maganar in koma wurinku, a'a. Zan sa Yahuza ya yi wani, in jira a nan kusa da ita.

Mahaifinki,
Bernard.

Gwaram, 30 ga Oktoba.

'Yata Queen,

Barka da sauka lafiya. Yaya jego, yaya jaririyar? Ki gai da Dabo. Na ji kun sa mata Rebeka, sunan mahaifiyarki. Na faɗi sunan a ɗaki ni kaɗai, ban ji komai ba tukuna.

Yahuza ya zo jiya da katako da abin awonsa. Na miƙe na jingina da bango kamar wancan karon. Sai na hango turmin da mahaifiyarki ta bari a kife, har yau ban ɗauke ba. Na tuna duk shirin da na yi, ba kuskure ko ɗaya a awon, amma ban san na wa nake aunawa ba. Fasto ya ce tunanin Allah ya fi namu nisa. Ban ce na gamsu ba. Na dai gaji da yi masa lissafi.

Na ce wa Yahuza ya bar akwati, ya yi gadon yarinya da katakon. Ya tambaye ni tsawonta. Na ce ban sani ba. Ya tsaya yana kallona, don bai taɓa jin haka daga bakina ba.

Idan ya gama zan ɗora a mota in taho. Kada ki tambaye ni rana.

Allah ya raya Rebeka.

Mahaifinki,
Bernard.